Yadda Ake Saita da Gwada Na'urar Shaidar Zaman Macanjin Layin Dogo da Kullensa

Mai sigina ba ya ganin dogo. Yana zaune a ɗakinsa, wani lokaci tsakaninsa da macanjin layin da yake juyawa, wato wurin da ake sauya wa jirgi layi, akwai kilomitoci masu yawa, abin da ke gabansa kawai fitila ce ko zane a allon kwamfuta. Idan fitilar ta ce masa layi ya zauna kuma ya kullu, zai ba jirgi hanya, direba kuma zai shigo da gudunsa ba tare da ya tambayi kowa ba. Ke nan rayukan mutanen da ke cikin taragu sun rataya ne a kan gaskiyar wannan fitila, gaskiyar fitilar kuma tana hannun wanda ya durƙusa a gefen dogo da sifana ya saita na'urar. Domin shi na rubuta wannan jagora.

Mu fara daidaita sunaye. A macanjin layi akwai dogo biyu da ba sa motsi, su ne tsayayyun dogo. A tsakaninsu akwai wasu biyu da aka fere bakinsu ya yi siriri, suna zamewa dama da hagu, su ake kira harsuna. Kowane lokaci harshe ɗaya yana manne da tsayayyen dogonsa, ɗayan yana buɗe domin leɓen ƙafar jirgi ya sami wurin wucewa. Sandunan haɗi suna riƙe harsunan biyu su riƙa tafiya tare. Daga injin macanji da ke gefe sanduna iri uku ke fitowa: sandar tuƙi mai ja da turawa, sandar kulle wadda sakata ke faɗawa cikin tsagarta, da sandunan shaida, ɗaya ga kowane harshe. Zama biyu ne ga macanji, zaman asali da zaman juye, waɗanda ake rubutawa da N da R a zanen waya.

Tambaya uku na'urar shaida take amsawa, kuma sai duk ukun sun zama i kafin wuta ta koma ɗakin sigina. Harshen da ya kamata ya rufu, ya manne? Wanda ya kamata ya buɗe, ya buɗe isasshe? Sakata ta shige har ƙarshe? Idan ɗaya ta zama a'a, da'irar wutar tana yankewa, rile, wato makunnin da wutar ke riƙe da shi, ya faɗi, sigina ya tsaya a ja. An gina tsarin ne yadda rashin wuta ke nufin haɗari. Waya ta tsinke, fiyus ya ƙone, batir ya mutu, duk jirgi zai tsaya. Wannan lalacewa ce mai ɓata lokaci amma ba ta kisa. Wadda ake tsoro ita ce ɗayar, wato fitila ta ce lafiya alhali harshe yana buɗe.

Kafin ka taɓa komai

Ka nemi izinin mai sigina, ku yi magana a fili a kan lambar macanjin da za ka yi aiki a kai, ya maimaita maka lambar, ya hana jirage bi ta wurin. Sannan ka raba moto da wutarsa. Yawancin injuna suna da makatsi da ke yanke wutar moto da zarar an zura hannun juyawa, amma ka tabbatar da mitar auna wuta, kada ka dogara da zato. Injin da ke iya tura harshen ƙarfe mai tsawon mita goma ba zai ji yatsunka ba. Duk lokacin da hannu zai shiga tsakanin harshe da dogo, a sa katakon tokare tukuna.

Ka zo da zanen wayar wannan macanjin kansa, ba na wani mai kama da shi ba, da mita, da gejin gwaji, wato ɗan fallen ƙarfe mai kaurin da dokar layinka ta yanka, da ma'aunin faɗin dogo, da sifanu, da littafin rubuta sakamako.

Mataki na farko: dogo kafin wuta

A nan ne yawancin aiki yake, kuma a nan ne aka fi yin gaggawa. Matsalar shaida da yawa ba ta wuta ba ce ko kaɗan, ta dogo ce. Ka auna faɗin layi a bakin harsuna. A layi mai faɗin ƙa'ida milimita 1435 ne, idan tsayayyen dogo ya buɗe waje ko da kaɗan, harshe zai gama tafiyarsa bai kai gare shi ba. Ka duba ƙusoshi da maƙalan da ke riƙe tsayayyen dogon, ka sa ƙarfen banƙara ka gani ko yana motsi. Ka duba farantan da harsuna ke zamewa a kansu: su kasance a share, da man shafawa daidai, babu tsakuwa ko yashin da ya dunƙule da giris. Ka shafa gefen dogon da hannu, domin ƙafafun jirgi suna murje ƙarfe har ya fitar da wani leɓe siriri da ke hana harshe mannewa. Irin wannan leɓe nikawa ake yi, ba a kauce masa da saiti.

Sai sandunan haɗi. Kowane noti ka ɗora masa sifana, kada ka tsaya ga kallo. Ka nemi tsatsa mai launin ja-ja da ke fita kamar gari a gindin noti, alama ce ta cewa ƙarfe yana goga ƙarfe. Ka nemi tsaga a kusa da ramukan ƙusa. A ranar 10 ga Mayu 2002 a Potters Bar da ke Ingila, notocin sandunan haɗi sun kwance, sandar da ta rage tana ɗaukar nauyin duka ta karye, harsuna suka motsa a ƙarƙashin jirgi yana tsakar wucewa, mutum bakwai suka rasu. Sigina ya ba wannan jirgi hanya bisa ƙa'ida, domin a lokacin da ya ba shi, shaida tana nan.

Ka juya macanjin da hannu zuwa kowane ɓangare, ka auna buɗin harshe a baki, wanda a yawancin layuka ya ɗan haura milimita 100, sannan ka bi tsawon buɗaɗɗen harshen ka nemo inda ya fi matsewa da tsayayyen dogo. A Birtaniya ba a yarda wannan rata ta gaza milimita 50 ba. Idan ta gaza, bayan ƙafar jirgi zai riƙa bugun harshen a kowane wucewa, bugun kuma yana tafiya kai tsaye zuwa ga notocin sandunan haɗi.

Idan ka ga aibi a dogo, ka tsaya a nan ka kira masu gyaran dogo. Kada ka ci gaba.

Mataki na biyu: tuƙi, sannan sakata

Jerin saiti ba ya sauyawa: tuƙi, kulle, shaida. Wanda ya fara da shaida zai dawo ya sake komai.

Ka saita sandar tuƙi yadda harshe zai kai ga dogo ya kuma matse shi da ɗan ƙarfi, a ɓangarorin biyu daidai wa daida. Idan matsin ya yi yawa, moto zai sha wahala, sanda ta lanƙwashe a hankali. Idan ya yi kaɗan, harshe zai riƙa numfashi a ƙarƙashin jirgi, shaida ta riƙa ƙiftawa.

Daga nan ka koma sandar kulle. Harshe yana manne, ka sassauta notocin saiti, ka matsar da sandar har tsagarta ta zo daidai bakin sakata, yadda sakatar za ta shiga ba tare da ta goga gefe ba. Ka ɗaure notocin, ka juya ɗaya ɓangaren ka yi haka. Ka kalli bakin tsagar da bakin sakatar da kyau. Ya kamata kusurwoyinsu su kasance a tsaye, masu kaifi. Idan sun goge sun yi santsi, sakata za ta riƙa cusa kanta ko da harshe bai gama rufuwa ba. Kuma kada wani ya ɗauki zarto ya faɗaɗa tsaga wai don sakata ta daina maƙalewa. Na taɓa buɗe wani inji na tarar an yi haka, gefen tsagar yana ƙyalli sabo. Wanda ya yi ya kawar da ƙorafin mai sigina na wannan makon, amma ya ƙara wa macanjin damar kulluwa a buɗe har tsawon rayuwar sandar. Canza ta muka yi a ranar.

Mataki na uku: saita shaida

Ka buɗe murfin akwatin shaida ka fahimci abin da ke ciki kafin ka murɗa komai. A yawancin injunan lantarki, kowace sandar shaida tana ƙarewa da wani faffaɗan ƙarfe mai zamewa da aka yi wa tsaga biyu, gajera da doguwa. Akwai ɗan gare a bakin wani hannu mai sifirin. Garen ba zai faɗa ba sai tsagar harshen da ya rufu da tsagar wanda ya buɗe sun zo saiti ɗaya a ƙarƙashinsa, kuma sakata ta gama shiga ta sakar masa hanya. Faɗawar garen ce ke haɗa kontak, wato ƙarafan da idan sun taɓa juna wuta ke wucewa. Gajerar tsaga ta rufaffen harshe ce, domin a nan milimita ɗaya ma magana ce. Doguwar ta buɗaɗɗen harshe ce, inda ake da ɗan sarari.

Ka kawo macanji zaman asali, a kulle. Ka saita sandar rufaffen harshe har garen ya zauna cikin gajerar tsaga, da ɗan rata a gefen da zai fara hawa idan harshe ya soma buɗewa. Girman wannan rata shi ne ainihin saitin, shi ke yanke ko milimita nawa harshe zai buɗe kafin wuta ta yanke. Ka ɗaure, ka juya zuwa zaman juye, ka saita ɗaya sandar haka nan. Sannan ka dawo ka sake duba na farko, domin ɗaure noti yakan ja sanda kaɗan.

Ka duba kontak ɗin kansu. Fuskarsu ta kasance a tsabtace, babu ƙuna ko kore-koren tsatsa, sifirin yana danna su da ƙarfi, kuma idan sun rabu su rabu sarai. Ka ɗora mita a kan kowane kontak yana rufe, wuta na bi, ka auna abin da ke zubewa a kansa. Kusan sifili ya kamata ka gani. Kontak mai cin wuta shi ne wanda zai tashe ka da tsakar dare wata uku nan gaba.

Akwai injunan zamani da ba su da gare da tsaga, suna amfani da na'urar maganaɗisu mai auna matsayin harshe ba tare da taɓawa ba, ana saita su da kwamfutar hannu. Hanyar saiti ta bambanta, amma gwajin da ke tafe bai bar su ba.

Mataki na huɗu: gwajin toshewa

Duk abin da ka yi a baya shiri ne, wannan shi ne hukunci. Za ka sa geji tsakanin harshe da tsayayyen dogo, kamar dutse ya faɗa wurin, ka gani ko na'urar za ta faɗi gaskiya.

Kaurin geji da wurin sa shi suna bin dokar kowane layi. A Birtaniya sakata dole ta shiga idan an sa geji mai milimita 1.5, dole kuma ta ƙi shiga da mai milimita 3.5, shaida kuwa dole ta yanke da mai milimita 5. A Indiya ana sa mai milimita 5 a nisan milimita 150 daga bakin harshe, kuma ana son a ga abu uku: sakata ba ta shiga ba, kontak bai haɗu ba, kulocin moto, wato abin da ke sakin ƙarfin moto idan harshe ya cije, yana sulɓewa. A Amurka dokar tarayya ta ce kada sakata ta kullu idan harshe yana buɗe da kashi uku cikin takwas na inci, wajen milimita 9.5, kuma ta wajabta gwajin toshewa na sandar kulle aƙalla sau ɗaya a wata, na'urar shaida kuma aƙalla sau ɗaya a wata uku. Bambancin lambobin ya samo asali daga siffar dogo da ƙafar jirgin kowace ƙasa. Kada ka ari lambar wani layi, ka bi taka.

Ga yadda za ka yi. Ka buɗe harshe, ka riƙe geji mai kauri a wurin da doka ta ce, da mariƙinsa mai tsawo, yatsunka a waje. Abokin aikinka ya juya hannun a hankali har harshe ya danne gejin. Ka kalli sakata: ta tsaya a bakin sanda, ba ta faɗa ba? Ka kalli mita a kan wayoyin shaida masu fita: babu wuta? Sannan ka kira mai sigina ka tambaye shi abin da yake gani, kada ka gaya masa abin da kake so ya gani. Amsar da ake nema ita ce babu shaida ko ta wane ɓangare, a yawancin alluna fitilar tana ƙiftawa. Ka cire gejin, ka sa siririn, ka tabbatar sakata ta shiga. Ka maimaita duka a ɗaya harshen.

Akwai tarko a nan da ya kamata a daɗe a kansa. A injin da kulle da shaida suke cikin akwati ɗaya, idan geji ya hana sakata shiga, wuta za ta yanke ko da sandar shaida ba ta saitu ba sam, domin rashin kullen kaɗai ya isa ya riƙe garen. Sai ka ga mita ta nuna sifili ka yi murna, alhali ba ka gwada sandar shaida ba. Domin a gwada ta ita kaɗai, sai an bi hanyar da littafin injin ya tsara, galibi a sassauta sandar kulle yadda sakata za ta shiga duk da gejin, a ga shaida ta yanke da kanta, sannan a mayar da sandar kulle a sake gwajinta daga farko. Aiki ne mai cin lokaci, kuma shi ya sa ake tsallake shi. Kada ka tsallake. Ranar da sandar kulle ta karye ko ta kwance daga harshe, sandar shaida ce kaɗai ta rage tsakanin jirgi da buɗaɗɗen harshe.

Bayan gwajin hannu, ka mayar da wutar moto ka sake yi da ƙarfin inji, domin moto yana iya matse abin da hannu bai matse ba, har ya banƙare tsayayyen dogo mai sako-sako ya kulle a kan gejin. Ka auna wutar da moto ke ja yana tafiya lafiya, da wadda yake ja lokacin da kuloci ke sulɓewa, ka kuma tabbatar na'urar lokaci ta yanke masa wuta bayan 'yan daƙiƙu.

Idan macanjin mai tsawo ne, mai tuƙi da shaida na ƙari a tsakiya ko a gindin harshe, kowane wuri da gejinsa da gwajinsa. Harshe mai tsawo yana iya mannewa a baki ya bar ciki a buɗe.

Mataki na biyar: bin wuta har ɗakin rile

Yanzu a tabbatar abin da ya fita daga akwati shi ne ya isa. A tsarin da ya yaɗu, waya biyu ke ɗaukar shaida, ana juya musu kan wuta: a zaman asali waya ta farko ke ɗauke da tabbatacciya, wato wuta mai alamar +, a zaman juye ta biyu. A can ƙarshe akwai rile biyu masu jin ɓangaren wuta, kowanne yana tashi da nasa kaɗai, waɗanda zanen Birtaniya ke kira NWKR da RWKR. Ana yanke wayoyin biyu duka ta kontak, ba ɗaya ba, kuma a zane da yawa idan babu shaida kontak ɗin suna gajarce wayoyin da juna, yadda ko baƙuwar wuta ta shigo daga wata waya ba za ta iya tada rile ba. A Jamus da ƙasashen da suka bi tsarinta, injuna irin su S 700 K na Siemens suna aiki da waya huɗu kacal, su ne ke kai wutar moto, su ne kuma ke dawo da shaida ta cikin naɗin moton bayan ya tsaya.

Gwajin daidaito kenan: mutum ɗaya a bakin dogo, ɗaya a ɗakin rile, mai sigina a allonsa. A juya zuwa asali. Na bakin dogo ya faɗi harshen da ya rufu da idonsa, dama ko hagu, na ɗaki ya faɗi rilen da ya tashi, mai sigina ya faɗi abin da allo ya nuna. A juya, a maimaita. Waya biyu da aka musanya bayan canjin kebul suna ba da shaida mai kyau, tsayayya, ta ɓangaren da ba shi ba. Sannan ka raba kowane kontak ɗaya bayan ɗaya da siririn abin da ba ya ɗaukar wuta, ka ji rile ya faɗi kowane karo. Kontak ɗin da ka raba rile bai faɗi ba, an tsallake shi a wani wuri, sai ka nemo inda. Idan macanji biyu ne ke aiki tare a matsayin mahaɗar layi biyu, shaidarsu a jere take, ka gwada kowane kai daban. A ƙarshe ka auna ko kebul yana tsiyayar da wuta zuwa ƙasa.

Idan shaida ta ɓace a bakin aiki

Ka fara da ido: dutse, yashi, busasshen faranti, noti a ƙasa. Ka tambayi mai sigina ko ɓangare ɗaya ne ko duka biyun. Duka biyun yakan nuna fiyus, kebul ko wutar ciyarwa. Ɓangare ɗaya yakan nuna saiti ko kontak. Ka tambayi lokacin da abin ke faruwa. Idan da tsakar rana ne kawai, zafi ne: ƙarfe mai tsawon mita 10 yana ƙaruwa da kusan milimita 3.5 idan zafinsa ya hau da digiri 30, harshe ya sulale gaba ya karkatar da sanduna. Idan sai jirgi yana kai ne take ƙiftawa, ƙarƙashin dogon ya yi rami, ana bukatar a cusa tsakuwa. Idan kuwa jirgi ya fito ta baya ya banƙare harsunan da ba a juya masa ba, ka ɗauka sanduna sun lanƙwashe har sai ka tabbatar ba haka ba, ko da fitila ta dawo.

Abu biyu ne ba a yi ko jirage nawa ke jira. Ba a ɗaura waya a tsallake kontak, ba a kuma buɗa saitin shaida don fitila ta kama. A ɗaure harshe da maƙalar hannu da kwaɗo, a wuce da jirage a hankali bisa dokar layin, har a gyara.

Kuma duk ziyara ka bi sandar shaida da hannunka tun daga akwati har inda ta kama harshe. A ranar 23 ga Fabrairu 2007 kusa da Grayrigg a arewacin Ingila, jirgin Landan zuwa Gilasgo ya sauka daga dogo yana gudun mil 95 a awa, mace ɗaya ta rasu. Bincike ya nuna sandunan haɗi sun lalace ɗaya bayan ɗaya, ƙusoshin da ke riƙe kayan kulle da na shaida a jikin harshen hagu sun kwance, harshen ya matso kusa da dogonsa alhali ya kamata ya kasance a buɗe, sandar shaida kuma tana zaune inda aka bar ta tana ba da rahoton lafiya. Zagayen dubawa da aka tsara yi kwana biyar kafin nan bai kai wurin ba. Saboda haka bayan ka rufe murfi, ka ɗora sifana a kan waɗannan ƙusoshin na jikin harshe, ka rubuta kaurin gejin da ka yi amfani da shi, da wutar moto, da duk notin da ka tarar a sake, da kwanan wata, sannan ka kira mai sigina ya juya macanjin sau biyu kowane ɓangare kana tsaye kana kallo kafin ka mayar masa da shi.